Gida Bisa Taya a Akokan

Daga Agadas zuwa Arlit kilomita 240 ne a takarda. Direbobi ba da kilomita suke lissafi ba, da awoyi suke yi, domin kwaltar da aka shimfiɗo daga Tawa tsakanin 1976 da 1980 saboda jigilar yuraniyom ta daɗe da zaizayewa. Wani wurin saura ɓarɓashi, wani wurin ko alamarta babu, sai motoci su gangara gefe, kowacce ta yanki tata hanyar cikin tsakuwa da rairayi. Dama da kai duwatsun Abzin ne, baƙi ƙirin. Hagu da kai fili fetal iya ganinka. Na taso daga Kano ta Daura, na ƙetara ta Kwangwalam, na bi Damagaram da Tanut, saboda haka ba a nan na fara ganin ramuka ba. Karen motarmu ne ya ɗauke mini hankali. Duk inda aka tsaya salla, kafin fasinja su gama miƙe ƙafa ya riga ya shige ƙarƙashin mota da sifana yana bin notuna, ya fito ya dafa kowace taya da bayan hannu ya ji zafinta, sannan ya zo ya bi sahu. Ba wanda ya aike shi, ba kuma wanda ya yaba masa. Haka aikin yake a ƙasarsu.

Ziyara ce ta kai ni wajen wani ɗan'uwanmu da ya daɗe yana kasuwanci a Akokan, 'yan kilomitoci kudu maso yamma da Arlit. Garuruwan biyu duk kamfani ne ya haife su. Somaïr, wanda aka kafa a 1968, shi ya tayar da Arlit, ya fara fitar da yuraniyom daga buɗaɗɗen rami a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, ya nutsa mita 250 ƙarƙashin ƙasa a Akuta, ya fara fitar da nasa a 1978, ya gina wa ma'aikatansa Akokan: gidaje a jere, asibiti, makaranta, famfo, ga wutar da ake jawowa daga tashar kwal ta Sonichar kusa da Cirozerin. A lokacin Faransawa ke da kaso mafi tsoka a Cominak, sai gwamnatin Nijar, sai Japanawa da Sifaniyawa. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta, bayan an kwashe wajen tan 75,000. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila da masu samun abinci a gefensu.

Garin ya rame, wannan ba a ɓoye yake ba. Gidaje da dama a kulle, iyalai sun koma Tawa da Maraɗi da Yamai, ga tulin sharar ma'adinai, wajen tan miliyan 20, yana hangen gari. Amma ka bi ta bayan kasuwa, ko ka ƙarasa unguwannin Bukoki a Arlit, ƙarar guduma da tartsatsin walda ba su ɗauke ba. Ban taɓa shiga garin da yake da makanikai da yawa haka gwargwadon girmansa ba, kuma ba 'yan kame-kame ba. Kamfanin haƙar ma'adinai ba ya jiran inji ya tsaya kafin ya duba shi. Kowace mota da littafinta, ana ƙirga awoyin da ta yi tana aiki, ana juye mai ranar da ƙa'ida ta ce ko da lafiyarta ƙalau. Shekara arba'in da ɗoriya ana ɗora Adarawa da Damagarawa da Abzinawa da Zabarmawa kan wannan tarbiyya. Wanda ya fito daga garejin kamfani kuma sai hamada ta karɓe shi ta koya masa ɗaya rabin, wato yadda ake gyara idan shagon kayan mota mafi kusa yana Agadas ko Tamanrasset.

Turawa 'yan yawon buɗe ido ma sun ba da nasu karatun, ko da ba su yi niyya ba. Daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1990, da zarar sanyi ya shigo sai su ɗauko hanya daga Faransa da Jamus da Holan, su tsallake teku zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasset. Daga can kwalta ta ƙare. Kilomita wajen 400 zuwa In Gezzam, a ratsa rairayin Lawuni inda gawarwakin motoci suka zama alamar hanya, a buga fasfo a Asamaka, sai wasu kilomita 200 kafin a hango fitilun Arlit. Wasu tsofaffin Peugeot 404 da 504 suke korowa su sayar a nan ko a Agadas, kuɗin ya mai da su gida ta jirgi. Wasu kuwa da gidajensu suke tafe: Kombi ta Volkswagen da aka sa wa gado da murhu, Land Rover mai tanti a bisa, Unimog, da tsofaffin motocin soja da na kashe gobara da aka gina wa ɗaki a baya. Gasar Paris-Dakar ta farko, wadda ta tashi a ƙarshen Disamban 1978, ita ma ta nan ta ratso. Kusan duk wanda ya iso Arlit da wani abu a karye yake isowa, har yaran gareji suka san cikin kowane irin injin da Turai ta ƙera. Tawayen Abzinawa na 1990 da rikicin Aljeriya suka rage zirga-zirgar, sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya a 2003 ya ƙara sanyaya ta, ɗauke mutum bakwai a cikin Arlit kanta a Satumban 2010 ya ƙarasa ta. Baƙin sun daina zuwa, amma ba duk motocinsu ne suka koma ba.

Ɗaya daga ciki tana tsakar gidan wani dattijo Ba'adare, maƙwabcin mai masaukina, wanda ya shiga garejin kamfani yana saurayi ya fito da furfura. Mercedes ce mai gajeren hanci, irin 911 ɗin nan da muka sani tana dakon kaya a Arewa, sai dai wannan ƙafafunta duk suna ja, gaba da baya. Asalinta motar kashe gobara ce a Jamus. Inda fenti mai ruwan ƙasa ya kankare, jan asali yana leƙowa. Wasu Jamusawa mata da miji suka zo da ita a ƙarshen mulkin Kunce, giya ta watse musu bayan Asamaka, aka jawo su, suka yi ta jiran kaya daga Turai har guzuri ya ƙare, suka sayar suka hau jirgi. Shi ya saya, ya haɗa giyar da hannunsa daga gawar wata motar. Bayanta ɗaki ne sosai: gadon mutum biyu, murhu, kabad mai sakata, tankin ruwa ƙarƙashin benci, taga biyu da ƙofar sama. A cikinta ya riƙa kai iyalinsa Adar duk hutun shekara. Da ya yi ritaya ya mai da ita gareji mai tafiya, yana bin direbobin da mota ta mutu musu a daji.

"Baba, shekararta nawa?" na tambaye shi.

"Ta girme ka, ɗan Kano," ya ce. "Kuma ta hi ka lahiya."

Ya ɗauko mini littafinta, wanda ya sha hannu har ya yi baƙi. Shafukan farko da Jamusanci, na tsakiya da Faransancin gareji, na baya-bayan nan da ajami. Kowane juyen mai yana ciki, kowane facin taya, da wurin da aka yi shi.

Ya ce abu uku mota ke sha, iska da mai da ruwa, kuma a ƙasar nan ukun duk da ƙasa a cikinsu. Matatar iskar wannan tsohon inji ba ta takarda ba ce, kwano ne mai baƙin mai a gindi, ƙura ta shiga ta maƙale. Da hunturu kowace safiya sai ya kwance kwanon, ya zubar da laka, ya wanke ragar da dizal, ya zuba sabon mai. Wanda ya yi kasala, ƙurar za ta wuce ta goge cikin silinda, inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, daga nan sai buɗe shi gaba ɗaya. Dizal ɗin da ake samu a arewa da yawansa daga Aljeriya yake shigowa cikin duro, da arha, amma da datti da ɗigon ruwa. Ba ya zuba shi ranar da ya saya. Sai duro ya kwana a tsaye, ruwa da ƙasa sun kwanta, sannan ya zuƙo na sama da tiyo ta cikin ƙyalle, ya bar na gindi don wankin ƙarafa. Ya kuma ƙara wata matatar mai kofin gilashi kafin famfon inji, don ya ga ruwa da idonsa tun bai kai ga nozul ba. Wajen ruwan lagireto ne ya ba ni dariya. Ruwan rijiya yana barin farin dutse ya toshe hanyoyin lagireto, don haka shekara da shekaru yana ajiye jarka ƙarƙashin na'urorin sanyaya ofis, yana tara ruwan da ke ɗiga. Wannan ruwa daga iska ya taru, ba shi da gishiri ba shi da dutse, shi kaɗai motar ta sani. Ma'aikatan ofis sun ɗauka wani magani yake haɗawa.

Rairayi ma da nasa ƙa'idojin. Ana sassauta iskar taya har ta baje, wajen rabin abin da take ɗauka a kwalta, don ta hau bisa yashi maimakon ta haƙa shi. In an fita a mayar da iskar daga tankin birki ta dogon tiyo, in ba haka ba tsakuwa ta yanke gefen tayar. Wuri mai laushi da asuba ake ratsa shi, lokacin da sanyi ya ɗaure yashi. Rana tana take ya saki. In mota ta kafe ba a taka totur, domin kowane juyi ƙara binne ta yake. A sauka, a haƙe gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa faifan ƙarfe masu huji-huji, irin waɗanda sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa shimfiɗa wa jirage su sauka. Amma abin da ya fi cin mota a nan gargada ce, ƙananan tudu-tudun nan da ke jeruwa a hanyar tsakuwa. Ita ke kwance noti, ta tsaga tanki, ta karya sifirin. Ya nuna mini wani ganyen sifirin da ya taɓa karye masa a hanyar Iferwan. Guntun ƙarfe ya ɗora kan karayar, ya naɗe da jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata, ya zauna jiran rana ta busar da ita, domin fata in ta bushe tsukewa take. Da wannan ɗauri ya lallaɓo gida, ganyen kuma yana nan rataye a bango.

Ɗakin, in ji shi, ya fi injin ba shi wahala. Shasin babbar mota an yi shi ne ya riƙa murɗawa idan taya ɗaya ta hau dutse ɗaya ta faɗa rami. Ɗaki kuwa akwati ne, ba ya jure murɗa. In aka ɗaure shi tam a kusurwa huɗu, ba a daɗe bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Haka Jamusawan suka ɗaure shi, ya kuwa tsage. Shi ya sauke shi ya sake masa zama: ɗauri biyu a gaba, a baya guda ɗaya a tsakiya mai juyawa bisa ƙusa, sai ɗakin ya zauna kamar tulu bisa gammo, ƙasa na rangaji shi yana daidai. A Turai masu irin wannan mota ruwan sama suke tsoro, kada rufi ya yi yoyo katako ya ruɓe. A nan rana ce da ƙura. Zafin Mayu da Yuni yana haura digiri 45, robar taga ta bushe ta farfashe, gam ya saki, batir ya mutu tun lokacinsa bai yi ba. Duk robar da ke jikin ɗakin yanzu daga tsohon tub na taya aka yanko ta. Ya ɗora rufi na biyu tazarar tafin hannu bisa na farko, iska na bi ta tsakani, dabarar da tsofaffin Land Rover na ƙasashen zafi ke zuwa da ita tun daga kamfani. Na shiga da azahar, ya fi shagon ɗan'uwana sanyi nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya ne ba ya taɓawa wajen gyaran ɗaki da tankin ruwa, shi ne ƙarfen da ya fito daga ma'adinai. Garin cike yake da shi, bututu da duro da faifai, mutane sun daɗe suna yin ƙofofi da kayan gida da shi. A 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, wanda shi ma ma'aikacin ma'adinan ne a lokacin, ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa, suka tarar da ƙarafa masu tiririn yuraniyom a cikin gari. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu titunan Akokan da aka cike da duwatsun rami, ta ce a wani wurin tiririn ya kusa ninka na al'ada sau 500. Abu ne da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Dattijon ya yi aiki da mutanen da ke shiga rami da ma'aunin tiriri maƙale a jiki, ya san ba tatsuniya ba ce. In zai yi facin abin da mutum zai kwana a kai ko ya sha daga ciki, gawar mota yake nema ya yanko, ko da ta fi tsada.

To, wannan motar ce na tarar zai rabu da ita. Ba gazawa ta yi ba. A gabana ya murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya. Shi ne ya zauna ya yi lissafi ya ga ta fi ƙarfinsa. Tayarta ɗaya da ƙarfenta, da can shi kaɗai yake miƙar da ita, yanzu sai ya kira yara biyu. In ta kafe a yashi aikin ƙarti ne na rabin yini, shi kuwa daga shi sai yaron gareji ɗaya. Man da take sha ya ninka na ƙaramar mota, fansho kuma ba ya ninkuwa. Mercedes ta daina ƙera irinta a Jamus tun tsakiyar shekarun 1990, gawarwakin da ake cire kaya a jikinsu suna ƙarewa. 'Ya'yan da aka yi wa benci duk sun yi aure. Sannan aikin kansa ya ƙaura. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, motocin da ke neman bakanike suna can wajen iyakar Aljeriya, ɗaruruwan kilomitoci arewa maso gabas, kuma kusan dukkansu Toyota ne. Hanyar ba a binta kai kaɗai, ayari ake yi, ayari kuwa ba ya jiran mai rarrafe.

Land Cruiser a-kori-kura ya saya, ta hannu, mai injin dizal na 1HZ: silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fara yi a 1990, babu kwamfuta a jikinsa. Samarin hanyar zinariya sun fi son mai shan fetur saboda gudu, suna ta yi masa ba'a wai kafin ya isa an kwashe zinariyar. Bai kula su ba. Injin da zai iya buɗewa a gindin ƙaya da kayan da ke cikin akwati ɗaya yake nema, wanda kuma za a sami fanbel ɗinsa ko a Dirku.

Rabon kaya shi ne abin da na fi jin daɗin kallo. Ya aro sikelin rataye wajen mai gawayi, ya ɗaure a ƙarfen ɗaga inji, duk abin da zai koma sabuwar mota sai ya hau sikeli. Yaron gareji na faɗin nauyi, shi yana rubutawa. A-kori-kura irin wannan abin da aka yi ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne. Duron ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, tun ba a sa nauyin duron ba. Na dizal ya kusa 170. Ƙara safaya biyu, faifan yashi, jak, shebur da mutum biyu, fiye da rabi ya tafi ba a ɗauki sifana ko ɗaya ba. Daga nan aka shiga yanke hukunci. Gado ya faɗi, tabarma da bargo biyu suka ci. Kabad ya faɗi. Janaretan walda, wanda kowa zai ce shi ne ran sana'ar, shi ma ya faɗi. Ya nuna mini yadda ake jera batir uku a haɗa su baki da wutsiya, a sami wutar da za ta narkar da sandar walda ta ɗinke karaya. Ƙarfen matse kaya na teburin gareji kuwa, mai nauyin tsiya, ya rantse ba ya barinsa, ya kafe shi a ƙofar baya. Sifanu ma an tace su. Lamba 13 da Jamusawa ke so ba ta da aiki sosai a jikin Toyota, can 12 da 14 ke mulki, sai ya raba wa yara abin da ya yi saura. Inda a da ɗaki ne, yanzu rumfa ce: ƙarafa huɗu, tamfol mai naɗewa, da faifan sola guda bisa kan direba yana cajin batir da waya da fitila. Kaya masu nauyi a ƙasa, gaba da tayar baya, marasa nauyi a sama.

Uwargidansa Ba'abziniya ce 'yar wajen Timiya, kuma ita ba ta ga abin wahala a lamarin ba. A al'adarsu ɗakin tabarmi na mace ne, da shi take shiga aure, ita ke kafawa ita ke kwancewa, a ɗora shi bisa jaki da sandunansa da gadonsa a tashi. Mutanen da suka gaji kai raƙuma Bilma ɗauko gishiri ba yau suka fara auna abin da ake ɗauka ba. Tana zaune tana kallonsa yana jujjuya wata ƙatuwar tukunyar Jamusawa mai marfin ɗauri, ya kasa ajiyewa ya kasa sawa a sikeli.

"Malam, aje ta," ta ce. "Ku biyu ne, ba biki za ku ba."

Ita ta haɗa kayan girkin cikin buhu ɗaya: ƙaramar tukunya, butar shayi, kwano, garin alkama, busasshen tumatir, cuku, dabino. Burodi cikin yashi ake gasa shi ƙarƙashin garwashi, ba ya neman tanda. Ɗan firij ɗin da ya daɗe yana lallaɓawa ta maye gurbinsa da salka biyu, a rataya a gefen mota inda iska ke bugawa. Ruwa na tsattsafowa ta fata yana bushewa, na ciki yana sanyi. Na sha. Akwai ɗan warin akuya, amma yana kashe ƙishi.

Mu a Kano Allah ya hore mana Ƙofar Ruwa, duk abin da ya lalace akwai wani a kasuwa, shi ya sa yaranmu da yawa suka iya canji ba su iya gyara ba. Mun kuma ɗauki girman mota girman mai ita ne; wanda ya sauka daga babba zuwa ƙarama sai a fara raɗa cewa karaya ta zo. A Akokan ban ji wanda ya yi wa dattijon jaje ba. Tun da rami ya rufe kowa a garin yana wannan lissafin ta tasa fuskar, wani ya rage gida, wani ya rage shago. Abokansa tsofaffin ma'aikata da ke zuwa shan shayi da la'asar gardamarsu ɗaya ce: ya ƙara ganye guda a sifirin ɗin baya, ko ya bar shi yadda Japanawa suka yi. Sun rabu gida biyu, kowane ɓangare da hujjarsa, har da zane a ƙasa.

Kafin in taho aka sauke ɗakin, aka ɗora shi kan bulo a kusurwar gida, yaron gareji ya tare a ciki. Saura shasi da inji. Wani saurayi mai dakon ruwa zuwa wuraren zinariya ya zo saye. Ba su sha wahalar daidaita kuɗi ba, har dattijo ya kusa sallamawa, sai ya tambayi girman tankin da za a ɗora. Saurayi ya ce lita dubu takwas. Dattijo ya mai da makulli aljihu. Ya ce lambar nan 911 ba ado ba ce, tan tara ke nan gaba ɗaya, da motar da kayanta, da ƙarfin doki ɗari da goma. In an cire nauyin ita kanta da na tanki, abin da ya rage da kyar ya kai lita dubu huɗu.

"Haba Baba, kowa haka yake lodi," in ji saurayin.

"Kowa ba shi ya riƙe ta ba. Dubu huɗu, da shamaki cikin tanki don kada ruwa ya riƙa tunkuɗa ta wajen kwana. In ka yarda, ga littahinta ka tahi da shi. In ba ka yarda ba, albarka."

Saurayin ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya koma gefe ya yi waya da wani da Tamashek. Ya dawo ya ce zai zo bayan Juma'a da mai waldarsa su auna shasi. Dattijo ya ce su zo da sassafe, domin ayarin Cibarakaten yana gab da tashi, shi kuma bai gama ɗaura wa Toyotar tankin mai na biyu ba.